Idan wata annobar ta sake zuwa, kulle za a sake yi mana?

Malamin Sakandare, Argungu:
Assalamu alaikum. Ina neman 'yan wannan zaure su taya ni duba wata tambaya, domin na san a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya, akwai malaman addini, akwai kuma 'yan kasuwar da dokar kulle ta taɓa jarinsu. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma a wannan makon ne aka yi Bikin Kamun Kifi a nan Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba. Shugaba Buhari ya halarta, jama'a suka cika bakin Matan Fada kafaɗa da kafaɗa. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, an kulle Legas da Ogun da Abuja, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Yaranmu sun shafe watanni a gida, wasu daga cikin ɗalibaina mata ba su sake dawowa aji ba. Amma da aka zo ƙarshe, alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, sun nuna mutum wajen dubu 267 ne suka kamu, 3,155 suka rasu, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Shin matakan ne suka kare mu, ko kuwa dama cutar ba ta da ƙarfi a wurinmu? Idan kuma wata ta sake ɓullowa, haka za a sake yi mana?

Jami'ar Lafiya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yanke hukunci a kan matakan, ya kamata a fahimci abin da ake son tsayarwa. Ƙwayar bairos ba ta hayayyafa a ƙasa ko a cikin iska, sai ta shiga jikin mai rai take yin yawa, saboda haka ba ta da hanyar ci gaba sai ta tashi daga wannan mutum zuwa wancan. Ta korona tana fita ne a cikin numfashi, lokacin tari ko atishawa ko magana, kuma ƙananan ɗigon da ido ba ya gani suna iya daɗewa suna yawo a ɗakin da iska ba ta ratsa shi.

Abin da masana suka fi sa wa ido shi ne mutum nawa mai cutar guda ɗaya yake harba. A farkon korona an ƙiyasta biyu zuwa uku. Lissafin yana da sauƙi, Malam, kuma kai ne gwaninsa. Idan kowa ya harbi biyu cikin kwana 5, a zagaye na goma, wato bayan kwana 50, sabbin kamu za su kai 1,024. Idan uku yake harba, a wannan zagaye na goma sun haura dubu 59. Idan kuwa aka danne adadin ya koma ƙasa da mutum ɗaya, kowane sabon zagaye ba zai kai wanda ya gabace shi yawa ba, cutar ta riƙa ja da baya har ta lafa. Takunkumi da ba da tazara da killacewa da riga-kafi duk manufarsu ke nan, a rage wannan adadi. Babu wanda aka ce shi kaɗai zai kashe cutar.

Wahalar korona ita ce mutum yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma har ya warke bai san ya yi ta ba. 'Yar'uwarta SARS ta 2003 ta fi ta kisa, amma sai mutum ya kwanta sosai take yaɗuwa, shi ya sa aka kama ta a kan mutum wajen dubu 8. Game da bikin Argungu kuwa, a ranakun da aka yi shi mutum biyu kacal aka tabbatar suna da cutar a duk Nijeriya, kuma taron a fili ne a bakin ruwa. Da an yi shi bayan wata biyu, da ba zan so in kasance a wurin ba.

Ɗan Kasuwa, Jega:
Hajiya, na gode da wannan bayani, amma bai amsa tambayar Malam ba. Lissafinki yana ƙirga waɗanda suka kamu, ba ya ƙirga waɗanda suka kwana da yunwa. Mai sayar da albasa da ya ɗora kaya zuwa Kudu, aka tsare motarsa a shinge kwana da kwanaki har albasar ta ruɓe, a wane shafi aka rubuta shi? Mafi yawan mutanenmu sai sun fita suke samun na cefanen ranar. Ƙasashen da muka kwaikwaya sun biya mutanensu kuɗi su zauna a gida, mu kuwa aka ce akwai tallafi, sai a watan Oktoban 2020 muka ga jama'a suna fasa rumbuna a jihohi daban-daban suna fito da kayan abincin da aka ce na tallafin korona ne. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wane baki za a ce masa ya yarda da hukuma a karo na gaba?

Direban Mota, Kamba:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da abin da mu masu hanya muka sani. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, tun kafin a ji sunan korona. Amma duk wanda ya san Kamba ko Dole Kaina ko Lolo ya san dangi ɗaya ne suke zaune a tsallaken nan da tsallaken can, gona a Nijar gida a Nijeriya, kuma babur da kwale-kwale ba sa bin ta gaban ofis. Da aka hana tafiya tsakanin jihohi, tafiyar ba ta tsaya ba. Abin da ya canza shi ne ta koma ta dare, kuɗin mota ya ninka, kuma mutanen da a da za su zauna a ƙaramar mota gilashi a buɗe suka koma cunkushe a bayan manyan motoci an lulluɓe su da tamfal. Idan maganar Hajiya gaskiya ce cewa rufaffen wuri ne ya fi hatsari, to wannan doka ta tura mutane inda cutar ta fi so.

Ɗalibar Kimiyya, Aliero:
Ina neman afuwar iyayena da ke wannan zaure, zan ɗan sa baki a kan alƙaluman da Malam ya kawo. Adadin 3,155 na waɗanda aka yi wa gwaji ne aka tabbatar. A ƙasarmu mutum yakan rasu da safe a yi jana'izarsa kafin azahar, ba a rubuta ko'ina ba, balle a san abin da ya kashe shi. A watan Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, kuma da aka bincika, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce daga cikin mutum 979 da suka rasu a wannan tsakanin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Mafi yawansu dattawa ne masu hawan jini ko ciwon suga. A watan ne kuma ta kashe Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa.

Duk da haka gaskiya ne ba ta yi mana irin ɓarnar da ta yi wa Italiya ko Amurka ba, kuma akwai dalilai. Kusan rabin 'yan Nijeriya ba su wuce shekara 18 ba, ita kuwa cutar tsofaffi ta fi kashewa. Ba mu da gidajen da ake tara tsofaffi wuri ɗaya kamar na Turai, inda ta yi kisa mai yawa. Rayuwarmu kuma, daga kasuwa har majalisar ƙofar gida, mafi yawanta a waje take. Abin da nake jin tsoro shi ne a ɗauki wannan a matsayin tabbacin cewa kowace annoba haka za ta yi mana. Murar 1918 matasa majiya ƙarfi ta fi kashewa.

Tsohon Ma'aikaci, Yauri:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin taɓo inda nake so. Wannan mura ta 1918, wadda kakanninmu suke kira marisuwa, jirgin ruwa ne ya shigo da ita Legas a watan Satumba, ta bi layin dogo da kogi da hanyoyin fatake ta shiga ƙasa, kuma an ƙiyasta ta kashe mutum wajen dubu 500 a Nijeriya a lokacin da ƙasar ba ta kai mutum miliyan 20 ba. A duniya ana cewa miliyan 50. Babu jiragen sama masu jigilar fasinja tsakanin ƙasashe a lokacin, amma ta zagaye duniya cikin watanni, saboda sojojin Yaƙin Duniya na Farko suna ta kai da komo. Korona kuwa daga Wuhan a Disambar 2019 zuwa Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, a jikin wani ɗan Italiya, wata biyu ne kawai.

Amma ni abin da nake so matasa su riƙe shi ne ƙasar nan ta taɓa tsayar da annoba ba tare da an kulle kowa a gida ba. Mu da muka girma muna ganin masu zanen agana a fuska mun san abin da ta yi. A 1966 a yankin Ogoja, wani likita ɗan Amurka mai suna William Foege ya ga allurar da ke hannunsa ba za ta ishi kowa ba, sai ya riƙa neman inda cutar ta ɓulla, ya yi wa mutanen gidan da maƙwabta da waɗanda suke cuɗanya da su. Kamar yadda manomi yake share ciyawa kewaye da gona don wutar daji ta zo ta rasa abin ci, haka aka yi wa agana, kuma wannan dabara ce aka bi har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980.

Haka Ibola a 2014. Wani mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar ranar 20 ga Yuli, ya nemi ya fita daga asibiti, Dokta Stella Adadevoh ta hana shi, ita ma ta kamu ta rasu. Aka bi sawun mutum wajen 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana zuwa gidajensu kullum ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce Nijeriya ta rabu da ita. Ma'aikatan da suka yi wannan aiki da yawansu daga shirin shan-inna aka ɗebo su.

Jami'ar Lafiya, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Misalan nan biyu su ne abin alfaharinmu, sai dai akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Mai agana ana ganinsa daga nesa, mai Ibola kuma ba ya harbin kowa sai ciwon ya bayyana, kuma sai an taɓa jininsa ko amansa ko gawarsa. Irin waɗannan bin sawu yana kama su. Cutar da take tafiya a numfashin mutumin da yake jin kansa garau tana riga masu bin sawu gudu, musamman idan sakamakon gwaji yana ɗaukar kwanaki kafin ya dawo, kamar yadda muka sha fama a farkon korona lokacin da ɗakunan gwajin ƙasar ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Wannan ne ya sa gwamnatoci suka koma ga kulle, don ba su san wa ke ɗauke da ita ba, sai suka tsare kowa.

Ban ce an yi daidai a duk abin da aka yi ba. Na yarda da Direba cewa rufe hanya jinkiri kawai yake sayowa. A ƙarshen 2021 da Afirka ta Kudu ta ba da labarin sabon nau'in korona mai suna Omicron, ƙasashe suka rufe mata ƙofa, Birtaniya ta sa har da Nijeriya a jerin waɗanda ta hana shiga, amma ba a yi mako biyu ba ta janye, domin nau'in ya riga ya cika ƙasarta. Jinkiri yana da amfani idan an yi wani abu da shi, kamar tanadin iskar oksijin da horar da ma'aikata da buɗe wuraren gwaji. Idan an kulle mutane ba a yi komai ba, ranar da aka buɗe cutar tana nan tana jira. Akwai kuma matakin da ni a ganina ya yaɗa cutar da kansa, wato kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu a tsakiyar annobar, wanda daga baya aka samu da dama daga cikin waɗanda aka kai Kaduna daga Kano suna ɗauke da ita.

Limami, Gwandu:
Assalamu alaikum. Tunda an ambaci malaman addini, bari in faɗi abin da ya sawwaƙa. Killace annoba ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta auku alhali mutum yana ciki kada ya fita don gudun ta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji labarin annoba sai ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. A wannan annoba kuma, wadda ake kira ta Amwas, malaman tarihi sun kawo cewa Amru bin Asi ya umarci mutane su warwatsu a kan duwatsu maimakon su taru wuri ɗaya. A 2020 Saudiyya ta dakatar da Umra, aikin Hajji kuma 'yan tsirarun mazauna ƙasar ne kawai suka yi shi.

Saboda haka matsalar da muka samu da jama'a ba ta rashin hujja ba ce. Abin da ya ba mu wahala shi ne mutum ya ga an taƙaita jam'i a masallaci, wanda bai fi minti goma ba, amma ya ga manya suna taron jana'iza ko na siyasa babu mai ce musu komai. Kuma sau da yawa sai an gama yanke hukunci ake kiran malamai a ce su je su sanar. Wanda ba a yi shawara da shi ba, yaya zai kare hukuncin idan aka yi masa tambaya bayan sallar asuba?

Ɗan Kasuwa, Jega:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi abin da ke raina. Ga kuma maganar allura. Ni ban yi ta ba sai da tafiya ta tilasta mini, kuma ba jahilci ne ya hana ni ba. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba. Sannan allurar korona ba ta iso ba sai watan Maris na 2021, bayan masu kuɗin duniya sun gama ɗibar tasu, a ƙarshen shekarar kuma muka ga an lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare.

Jami'ar Lafiya, Birnin Kebbi:
Alhaji, abin da ya faru a Kano a 1996 gaskiya ne, kuma babu ma'aikacin lafiyar da zai ce maka a manta da shi. Amma ka dubi abin da ya biyo baya. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargi, cutar ta farfaɗo, ta tsallaka ƙasashe wajen 20, kuma 'ya'yanmu ne suka shanye. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da kwamitinsu na kiwon lafiya wanda daga baya Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya jagoranta, har ya zama hakimi da dagaci da mai unguwa ne suke shiga gaba, matan unguwa da kowa ya sani suke shiga gida. Ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na daji, wato asalin ƙwayar cutar. Allurar koronar da aka lalata kuwa an turo ta ne saura 'yan makonni ta lalace, kuma gara da aka lalata ta a bainar jama'a da a ce an yi wa mutane ita.

Malamin Sakandare, Argungu:
Na ƙaru ƙwarai. Amma Hajiya, ina so ki ba ni amsa a kan makarantu, domin nan ne nawa ciwon yake. Idan gobe aka ce wata sabuwar mura ta ɓulla, za ki goyi bayan a sake rufe su?

Jami'ar Lafiya, Birnin Kebbi:
Ya danganta da wanda cutar take kashewa, Malam, kuma wannan ana iya gane shi a makonnin farko daga ƙasashen da ta fara shiga. Idan irin korona ce da ba ta cika yi wa yara illa ba, ba zan goyi bayan rufewa na watanni ba. Zan ce a buɗe tagogi, a raba aji biyu safe da yamma, a yi darasi a inuwar bishiya inda ya yiwu, a sallami malamai masu shekaru ko masu ciwon suga su huta. Idan kuwa irin ƙyanda ce, wadda mutum ɗaya yake iya harbin 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da riga-kafi, kuma yara take kwasa, ni da kaina zan roƙi a rufe. Abin da na fi so a yi tun yanzu shi ne duk malami ko limami ko mai unguwa ya san cewa kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma idan ya ga mutane da yawa sun kwanta da ciwo iri ɗaya a ɗan lokaci, ko mace-mace sun yi yawa, ya kai masa labari a ranar.

Direban Mota, Kamba:
Hajiya, zan kai labarin idan na gani. Sai dai ina so a gaya wa masu tsara dokar cewa idan na ɗauko fasinja mai ciwo aka ce in killace kaina kwana 14, motar ba tawa ba ce, mai ita yana jiran balas kowace yamma, gida kuma akwai baki tara da suke jiran abin da zan shigo da shi. Idan babu wanda zai ɗauki nauyin waɗannan kwanaki, direba zai yi shiru ne ya ci gaba da lodi, kuma ya kamata a tsara wanda zai biya tun kafin cutar ta zo, a kuma zauna da shugabannin tasha a ji ta bakinsu.